Guguwar Gungun Kwakwa da 'Ya'yan Sarkin Ruwa Uku

Ku jawo tabarmin nan cikin inuwa, ku gyara zama. Yau shari'a na kawo muku, kuma ku ne alƙalai. Ni nawa in faɗa yadda abin ya faru, in na kai ƙarshe in tsuke bakina.

Kun san a ƙuruciyata na yi aikin jirgin ruwa, na sha gishirin teku har ya ishe ni. A yawon nan ne na san wani tsibiri da ake kira Gungun Kwakwa, can inda ƙasa ta ƙare, ruwa ya ɗauka har iyakar ganin ido. Mutanensa Hausawa ne irinmu, masunta. Kakanninsu ne suka biyo kogi suna bin kifi, bana su kafa bukka nan, baɗi su kafa can, har kogin ya kai su teku. Suka ga tsibiri mai itatuwan kwakwa da rijiyar ruwan daɗi, suka ce to, tafiya ta ƙare. Tuwo suke ci, Hausa suke yi, sai dai Hausar tasu ta ɗan ji gishiri.

Shugabansu shi ne Sarkin Ruwa Barmo, dattijo ɗan shekara saba'in da 'yan kai, gajere mai faɗin ƙirji. In Barmo ya ce a'a, to a nemi wata maganar. Matarsa Hansai ta daɗe da rasuwa, ta bar masa 'ya'ya uku, kuma duk tsibirin an san ba abin da yake so a duniya kamar su, ko da yake bai taɓa faɗa da bakinsa ba.

Na farin shi ne Shekarau. Shi ke da babban jirgi mai inji wanda ke kai bandar kifi babban yanki, wato ƙasar da ke ƙetaren ruwa, ya dawo da hatsi da gishiri da atamfa. Mutum ne marar magana. In ya yi maka kalma biyar a yini, to ranar yana cikin raha. Da yake ɗan fari ne, uban bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce "mai jirgi".

Ta biyu Balaraba. Tun tana ƙarama ta addabi gidan da tambaya: me ya sa gajimare ke tafiya, ina iska take kwana. Uban ya gaji da cewa "Allah ne ya yi", ya sa ta makaranta a babban yanki. Karatu ya yi ta janta har babban birnin ƙasar, inda ta sami aiki a ofishin masu hasashen yanayi. Barmo kan kira ta "Malama mai duban gajimare" yana dariya, amma in ba ta nan, duk baƙon da ya sauka sai ya ji labarin 'yarsa da ke ganin ruwan sama tun bai haɗu ba.

Auta ita ce Ladidi. Ita ba ta je ko'ina ba. A tsibirin ta yi aure, a nan take bandar kifi, ita ke dafa wa uban abinci, ita kaɗai ke iya yi masa faɗa ya yi shiru. Ba suna, ba biki, ba zaman makoki da za a yi ba ta a tsakiya. Tana goyon 'yar wata bakwai wadda aka sa wa sunan marigayiya Hansai, Barmo kuwa "amaryata" yake ce wa jaririyar.

Kafin in shiga labarin sai kun san abu guda. Shekara biyu kafin wannan, ofishin su Balaraba ya taɓa shelar cewa guguwa na zuwa. Mutanen tsibirin suka kwashe suka haye babban yanki, suka yi kwana huɗu a rakuɓe. Guguwar ta bi wata hanya, ko ganyen kwakwa bai faɗi ba. Da suka dawo suka tarar kifin da suka bari a kan banda ya ruɓe, awaki sun shiga gidaje sun yi ɓarna. Tun daga ranar, in yaro ya yi alkawari bai cika ba sai a ce masa, "Kai, guguwar Balaraba!" Ita ma in ta zo hutu da ita ake dariyar, amma abin yana mata ciwo.

To, ga abin da Balaraba ta yi.

Ranar wata Asabar, a ƙarshen damina, tana zaune gaban kwamfuta tana duba hotunan da tauraron ɗan'adam ke aikowa, sai ta ga wani dunƙulen gajimare can tsakiyar teku, tafiyar kwanaki daga kowace ƙasa. Kafin Lahadi ya fara juyawa kamar katantanwar da yara ke murzawa, ya yi rami a tsakiya wanda masu aikin ke kira ido. Guguwar teku ke nan, ba irin tamu ta tudu da ke ɗauke zanen shanya ta wuce ba. Wannan faɗinta ya fi tafiyar yini a mota, tana tura teku gabanta kamar yadda ake tura garke.

Na'urorin ofishin suka zana hanyar da suke zaton za ta bi, kusan dukansu suka nuna za ta wuce ta kudu, nesa da tsibiran. Abokan aikinta suka saki jiki. Ita kuwa Balaraba tana da wata al'ada da ake mata dariya a kai: ta ajiye taswira ta takarda a gefe, duk bayan awa uku ta ɗiga da fensir inda idon guguwar yake. Ranar Litinin ta dubi ɗige-ɗigen nan ta ga ba su miƙe ba, sun fara lanƙwasa kaɗan kamar bakin lauje. Ta ga kuma guguwar ta rage gudu. Ta nemo awon na'urorin da ke shawagi a kan ruwa kusa da tsibiran, ta tarar ruwan wurin ya fi na kullum ɗumi, guguwa kuwa ɗumin ruwa ne abincinta. Ta sake lissafi sau uku, sau uku yana kai ta wuri guda: Gungun Kwakwa, ranar Alhamis da yamma.

Ta ɗauki taswirar ta shiga wurin shugaban ofishin. Mutumin kirki ne, amma shi ma bai manta da waccan shekarar ba. Ya daɗe yana kallon takardar, ya ce, "Balaraba, na'urori shida sun ce kudu, fensirinki ya ce arewa. In muka sake tayar da mutane a banza, ba mai ƙara saurarenmu har abada. Mu jira zuwa Laraba mu gani."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, Laraba ta yi nisa. Mutum ɗari huɗu ne a can, jirgi babba guda ɗaya. In na yi kuskure dariya za a yi mini, na kuwa saba. In na yi daidai muka yi shiru, masu dariyar ne ba za a samu ba. Ka sa sunana a takardar, in abin bai faru ba ni ce zan ajiye aikin."

Ya sa hannu. Talata da safe gidajen rediyo suka fara shela ga tsibirai da garuruwan gaɓa. Ranta ya so ta hau mota ta nufi gida, amma ta san in ta tashi daga kujerar nan ba wanda zai bi guguwar da ido irin nata. Ta zauna. Kwana uku ba ta ga ɗakinta ba. Duk bayan awa uku ta ɗiga fensir, ta ɗauki waya ta kira yayanta da ƙanwarta ta ce, "Ga inda take yanzu, ga saurinta, ga abin da ya rage muku."

Wannan ke nan. Ga kuma abin da Ladidi ta yi.

Ranar da shelar ta iso Gungun Kwakwa, sama fes take, ko gajimare ɗaya babu. Teku ya kwanta luf kamar man shanu a ƙwarya, kifi kuwa ya zo gaɓa da yawan da aka daɗe ba a gani ba. Maza suka ji rediyo suka kwashe da dariya, suka ce guguwar Balaraba ta dawo gaisuwa. Barmo ya fito ƙofar gida ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya shaƙi iska, ya ce, "Shekara sittin ina karanta tekun nan. Ku gaishe mini da Malama, ku ce mata ta ci abinci ta huta." Da Sarkin Ruwa ya faɗi haka magana ta ƙare, kowa ya koma gyaran komarsa.

Ladidi ita ma ta dubi saman nan, ba ta ga komai ba. Amma ta ji muryar yayarta a waya, ta kuwa san muryar tun suna kwana a tabarma ɗaya. Ba ta tsaya jayayya da maza ba. Ta gyara goyonta ta nufi wurin banda, inda mata ke cikin hayaƙi. Ta fara da Goggo Tasalla, tsohuwar ungozoma wadda rabin tsibirin a hannunta aka haife su. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Goggo, ni ban san gajimare ba, amma na san Yaya Balaraba. Da ta kira ni ba ta tambayi lafiyar Baba ba, ba ta tsokane ni ba. Tunda nake ba ta taɓa yin haka ba. Kifi in ya ruɓe teku na da wani. 'Ya'yan da kika yanke wa cibiya fa, ina za a samo wasu?"

Tsohuwar ta ce a miƙo mata sandarta.

Su biyu suka bi tsibirin gida gida. Wadda ta ce mijinta bai yarda ba, Ladidi ta ce, "Ba gudu za ki yi ba, kai yara za ki yi wurin 'yan'uwa kwana biyu." Wadda ta ce kifinta fa, Ladidi ta tattara mata suka zuba masa gishiri suka ɗura a buhuna. Wadda ta zage ta, ta haɗiye ta dawo da yamma da 'yar miya a kwano. Ta kuma yi wata dabara: ta ce duk matar da za ta shiga jirgi ta tafi da tukwanenta da muciyarta da garin tuwonta kaf. Laraba da rana maza suka dawo daga kamun kifi, suka tarar murhu ya yi sanyi, ba mata, ba yara, ba ko ludayi. Suka yi ta cika baki har la'asar. Da yunwa ta yi musu magana sai ga su ɗaya bayan ɗaya a bakin ruwa, kowa yana cewa shi dai zai je ne ya dawo da iyalinsa. Mijin Ladidi ma a cikinsu ya tafi, bayan ta rantse masa tana biye da shi.

Alhamis da safe saura dattawa goma sha ɗaya da suka ce ƙafarsu ƙafar Sarkin Ruwa, shi kuwa yana zaune a kan buzunsa a ƙofar gida. Zuwa lokacin teku ya canza launi, wasu dogayen igiyoyin ruwa suna zuwa a hankali suna dukan gaɓa kamar ana buga ganga daga nesa, tsuntsaye duk sun watse. Barmo ya gani, ya kuma gane. Ladidi ta lura ya daina cewa guguwar ba za ta zo ba. Abin da yake cewa yanzu shi ne, "Ubana yana nan, uwarku tana nan. Ku tafi, ni na tsufa da gudu."

Ba ta roƙe shi ba. Ta sauke ƙullin kayanta daga ka, ta kwance goyo ta ɗora masa jaririyar a cinya, ta jawo itace ta fara haɗa wuta.

Ya ce, "Auta, me kike yi?"

Ta ce, "Abincin rana, Baba. Dambu kake so ko fate?"

"Tashi ki shiga jirgi!"

"Ai tare muke. In kana nan, ni da amaryarka muna nan. Wa zai ba ka ruwan alwala?"

Ya daka mata tsawar da ke sa manyan masunta rawar jiki. Ta ci gaba da hura wutarta, ba ta ɗago ba. Ya ce, "Ke wace irin mai taurin kai ce?" Ta ce, "Gado na yi."

Jaririyar ta kama gemunsa tana dariya. Tsohon ya daɗe yana kallonta. Sannan ya miƙa wa Ladidi ita, ya tashi ya nufi maƙabarta shi kaɗai, ya tsaya kan kabarin matarsa ya yi addu'a. Da ya dawo idonsa ja, ya dubi dattawan ya ce, "Me kuke jira? Ko sai an ɗauke ku a kafaɗa?"

Wannan ke nan. Saura abin da Shekarau ya yi.

Shi shelar ta same shi a tashar jirage ta babban yanki. Duk masu jirgi suna ta jan nasu kan tudu suna ɗaurewa, don ko ba su gaskata ba, ba mai son ya gwada da abin sana'arsa. Abokansa suka ce ya jawo nasa su taya shi. Ya ce, "Mutanena na can." Ya sauke buhunan da ya riga ya loda, ya cika jarkoki da mai, ya juya kan jirgi.

Tsakanin tsibirin da gaɓa tafiyar awa biyu ce, jirginsa kuwa mutum sittin yake ɗauka in an matsu. Ya ɗaura ƙananan kwale-kwale a bayansa jere kamar raƙuman ayari, ya zuba mata da yara da tukwane da awaki. Ya kai, ya dawo, ya kai, ya dawo. Daga Talata da yamma zuwa faɗuwar ranar Laraba sawu shida ya yi. A tsaye yake cin abin da aka miƙa masa. Duk wanda ya sauke a gaɓa sai ya nuna masa makarantar da ke kan tudu, inda hukuma ta buɗe wa masu gudun guguwa.

Alhamis da safe matarsa ta riƙe masa riga a bakin tasha tana kuka, ta ce ya dubi ruwan nan, ya dubi 'ya'yansa. Ya cire hannunta a hankali ya ce, "Baba da Auta." Ya tafi sawu na bakwai shi kaɗai, don bai yarda wani ya bi shi ba.

Yana cikin ɗora dattawa a jirgi wayarsa ta yi ƙara. Balaraba ce, muryarta ta dushe. Ta ce, "Yaya, ka ji ni da kyau. Ta ƙara gudu. Ba yamma ba ce kuma, azahar ce. Kada ka nufi tasha, ruwa ya riga ya haye ta. Ka bi ta arewa ka shiga bakin kogi, tudu zai kare ka daga iska." Ya ce, "To." Daga nan waya ta ɗauke, ba a sake jin juna ba.

Bakin kogin nan kuwa ba wurin wasa ba ne. Akwai duwatsu a ƙarƙashin ruwa da tarin yashi mai sauya wuri, ko ranar da teku ke kwance masu jirgi kan kauce masa. Shekarau ya taɓa shigarsa sau biyu tak a rayuwarsa.

Sun yi rabin hanya sama ta rufe, rana ta koma kamar magariba. Ruwan sama ya zo a kwance yana sukar fuska kamar tsakuwa. Igiyar ruwa takan ɗaga jirgin sama har su hango gaɓa, ta sake shi cikin rami har ba sa ganin komai sai bangon ruwa ta ko'ina. Ladidi ta ɗaure 'yarta a ƙirji ta kwanta a kanta. Dattawan nan da aka ce sun tsufa suka ɗauki ƙorai suna kwarfar ruwa, Barmo na ba da baki da waƙar da suke jan koma da ita tun suna samari. Wata igiyar ruwa ta fizge sandar tuƙi ta bugi Shekarau a haƙarƙari, har aka ji ƙarar karyewar ƙashi. Ya ɗauki igiya ya ɗaure hannunsa da sandar, don ko ya suma kada ta kuɓuce.

Da suka iso bakin kogi bai kutsa kai ba. Ya rage wuta ya tsaya yana ƙirga igiyoyin ruwa, dattawa na ihu ya shiga, shi yana jira. Sai da wata babba ta taso ya buɗe wa inji wuta, ya hau bayanta, ta ɗauke su ta tsallake da su kan duwatsun ta dire su cikin kogi. Cikin jirgin ya daki yashi ya tsage, amma a wurin ruwa iya ƙugu ne. Ya sauke su ɗaya ɗaya. Uban ne na ƙarshe, ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa. Shekarau ya durƙusa, da karyayyen haƙarƙarinsa, ya goya shi ya fara hawan tudu. Suna cikin hawa tsohon ya sa baki kusa da kunnensa ya ce, "Sannu, Shekarau." Shekara arba'in da biyar, ranar ce farkon da ya ji sunansa a bakin ubansa. Sun kai ƙofar makarantar ke nan suka waiwaya, suka ga ruwa ya ɗauki jirgin ya maka shi da duwatsu ya yi filla-filla.

Guguwar ta sauka kan Gungun Kwakwa da azahar, ta yini tana abu guda. Bayan kwana uku, da ruwa ya kwanta, aka je dubawa. Ba gida ɗaya a tsaye. Itatuwan kwakwa sun kwanta kamar an yi girbin dawa, rijiya ta cika da ruwan gishiri, teku ya yanka tsibirin gida biyu ya bi ta inda kasuwa take. Amma da aka ƙirga mutane a makaranta, ɗari huɗu da goma sha biyu suka fito, ɗari huɗu da goma sha biyu aka samu. Sauran tsibirai da garuruwan gaɓa su ma shelar ta fisshe su.

Ranar Asabar Balaraba ta iso a bayan motar kayan agaji, idanunta sun faɗa. Ta durƙusa gaban uban za ta gaishe shi, kuka ya ƙwace mata. Ya dafa kanta ya ce, "Malama, teku ya ƙaryata ni ya gaskata ki. Daga yau duk wanda ya sake cewa guguwar Balaraba da wasa, ni da shi ne." Ladidi ta ce, "To Baba, ai kai ka fi kowa faɗa." Aka yi dariya har da masu hawaye.

Tunda tsibirin bai zaunu ba, hukuma ta ba su fili a kan tudun nan na bakin kogi. Suka kafa bukkoki, suka haƙa rijiya, suka haɗa hannu suka fara sassaƙa wa Shekarau sabon jirgi. Da wuri ya fara kama da gari, sai jami'in hukuma ya zo da allo da fenti ya ce a ba shi sunan da zai rubuta a bakin hanya. Al'adarsu kuwa, sabon mazauni sunan mutum guda ake sa masa, a ce Tungar wane, sunan wanda albarkacinsa aka zauna. Nan fa gardama ta tashi.

Malamin makaranta da matasa suka ce Tungar Balaraba. Suka ce da ba ta gani ba, da ranar Alhamis ta same su suna shanya koma. Ladidi wa za ta lallasa, Shekarau wa zai ɗauko, in ba wanda ya san akwai abin gudu? Ita ce ta tsaya ita kaɗai gaban na'urori shida da shugabanta da dariyar garinsu, ta jingina aikinta. Kuma ita ce ta karkatar da jirgin daga tasha a sawun ƙarshe.

Mata, Goggo Tasalla a gaba, suka ce Tungar Ladidi. Suka ce shela ai an yi ta, kowa ya ji, kowa ya yi dariya ya koma aikinsa. Sanin da ba a yi aiki da shi ba, da shi da rashinsa duk ɗaya. Jirgi kuma ko ya kai gari girma, in ba wanda ya yarda ya shiga, fanko zai koma. Wa ya taɓa juya Barmo tunda aka haife shi? Ita ta yi, kuma da ranta da na 'yarta ta yi.

Masunta da dattawan nan goma sha ɗaya suka ce Tungar Shekarau. Suka ce a gani, a yarda, sannan a tsaya bakin ruwa ana kallon mutuwa tana tahowa, me aka yi? Magana ba ta haye teku. Su suna cikin jirgin, sun ga abin da suka gani. Kowa ya kai nasa jirgin tudu, shi ya kai nasa teku har sau bakwai, na ƙarshe cikin guguwa, ya fito ba jirgi, ba haƙarƙari lafiya.

Aka kira su ukun a ji ta bakinsu, abin ya ƙara rikicewa. Balaraba ta ce ita a kan kujera take a zaune, ko jiƙewa ba ta yi ba, a sa sunan Yaya. Shekarau ya girgiza kai ya nuna Ladidi da haɓa ya ce, "Auta." Ladidi ta ce ita baki kawai ta sa, bakin ma maganar Yaya Balaraba ya ɗauka, a sa nata.

Aka koma ga Barmo. Ya ce, "Ku je murhu ku cire dutse ɗaya, in tukunya ta zauna ku dawo in faɗa muku." Jami'in ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, na ji, amma allon suna ɗaya yake ɗauka." Tsohon ya ɗauki jikarsa ya ɗora a kafaɗa ya shige bukka, ya bar su nan tsaye.

Har na bar garin allon nan yana jingine a gindin bishiya, an rubuta "Tungar", gabansa fari fat.

To, jama'a, ga fenti ga allo na miƙa muku. Wadda ta hango, da wadda ta tayar da mutane, da wanda ya haye da su: sunan wa za ku rubuta?